Tozo Ɗaya, Manya Uku

Na sha wahala a wannan aikin, ba kaɗan ba. Shekara ashirin da wani abu ina tsaye a kan injin niƙa a cikin garin Mubi, kunnena na hagu ya tafi, bel ya taɓa fizge mini hula har da ɗan gashi, amma duk wannan bai kai wahalar jera sunan mutum uku a takarda ba. Mutum uku kacal. Ranar da na ɗauki kwamfuta na kai Mayo Bani don ta raba mana gardama, ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ita dai ba zan manta da ita ba.

Sai na faɗi yadda muke yi a gidanmu kafin a gane. Kowace shekara, idan an gama kai amfanin gona gida, danginmu kan taru a gidan gado a Mayo Bani. A haɗa hannu a sayi sa, a yanka, mata su dafa, a zuba a kwanoni masu murfi, kowane magidanci da nasa. Sai mutum ɗaya ya miƙe yana kiran suna daga babba zuwa ƙarami, ana ajiye wa kowa kwanonsa a gabansa. Ba a buɗe kwano a tsakiyar taro, kowa ya ja nasa gefe ya ci da iyalinsa. Wanda aka fara kira kuwa, a kwanonsa ake sa tozo. Tozon nan ba wani abu ba ne, kitse ne da ɗan nama. Amma a wurinmu shi ne shaidar cewa kai ne babba.

Mahaifinmu shi ne mai kira har ya bar duniya. Shekara da shekaru ina tsaye a bayansa riƙe da buta, saboda yana da wani tari mai taso masa a wurin taro, kuma ban taɓa ganin an yi rigima ba. Da ya rasu aka ce ni zan gaje shi, wai muryata ta fi ta kowa ƙarfi. Ba ƙarfi ba ne, kurumta ce. Wanda ba ya jin kansa dole ya yi ihu.

Manyan namu uku ne. Akwai Hamma, babban yayana, wanda gidan gadon ke hannunsa. Akwai Bappa, ƙanin mahaifinmu, autan kakanmu, wanda aka haifa a makare har Hamma ya girme shi da shekara shida. Hamma ya goya shi yana jariri, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba. Sai Malam, mutumin Sorau, wanda ya fi su duka shekaru. Malam yana auren Addarmu, wato yayata mace, wadda ke bin Hamma a haihuwa. Shi kuma Bappa yana auren 'yar Malam, wadda marigayiya matarsa ta fari ta haifa masa. A lokacin ban ga wani abu a cikin wannan ba. Aure ne, an yi, an ci shinkafa.

Shekarar farko na ce ai mai gida shi ne babba, na fara kiran Hamma. Bappa ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "To, yau ɗa ya haifi ubansa." Wata uku bai amsa gaisuwata ba. Shekara ta biyu na ce bari in bi furfura, na fara kiran Malam. Hamma ya dube ni ya ce, "Mijin ƙanwata? Mutumin da ya durƙusa a ƙofar nan yana neman aure a wurina?" Sannan ya faɗa a gaban kowa cewa idan aka sake kuskure ko sau ɗaya, kada wanda ya ƙara ɗaure sa a gidansa, kowa ya ci namansa a garinsu. Hamma ba ya faɗa ya fasa. Na san taron da mahaifinmu ya riƙe tsawon rayuwarsa yana shirin mutuwa a hannuna cikin shekara uku.

Abin da ya fi ba ni haushi, kowane ɗaya cikin ukun ya same ni a keɓe ya rantse cewa a zamanin marigayi shi ake ba tozo. Hamma ya faɗa, Bappa ya faɗa, har Malam da ba ya ƙarya ya faɗa. Na ce a raina, biyu cikin dattawan nan maƙaryata ne, Allah ya shirye su.

To, ina da 'ya tana karatun kwamfuta a babbar makaranta a nan Mubi. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata. Wata rana da azahar ta zo shago ta same ni na kashe inji ina zaune na rafka tagumi. Ta tambaya, na faɗa mata. Maimakon ta tausaya mini sai na ga tana murna.

"Baba, ai wannan shi ne aikin da aka ba mu! Lakcara ya ce kowa ya nemo wani abu daga gidansu wanda ake jerawa, ya rubuta wa kwamfuta dokar jera shi."

Na ce da wane yare? Ta ce Haskel. Ni da kunnena ɗaya sai na ji Haske. Na ce alhamdu lillahi, abin da muke nema ke nan, haske. Har yau haka nake kiransa, ta gaji da gyara mini.

Ta buɗe laftof ɗinta a kan buhun masara ta fara yi mini bayani. Ta ce shi yaren nan ya zo da nasa tsarin jerawa, ya san biyu ta fi ɗaya, ya san harafin A yana gaban B, amma bai san girman mutane ba. Don haka za ta kafa nata, wani abu wai shi taif kilas, kilas kuwa ko ni na san aji ne da Turanci. Na ce ni a aji huɗu na tsaya, kada ta kai ni wani aji. Ta yi dariya ta ce ba irin wannan ajin ba, in ɗauke shi kamar ƙungiya ce mai sharaɗin shiga guda ɗaya. Ta sa wa ƙungiyar suna Girma. Sharaɗin shi ne, duk abin da zai shiga, idan an ɗauko guda biyu aka gwada, dole a sami amsa ɗaya cikin uku: Gaba, ko Baya, ko Daidai. Buhu zai iya shiga, a gwada shi da nauyi. Shanu za su iya shiga. Mutane ma haka, in dai an rubuta yadda za a gwada su. Da zarar abu ya shiga, mai jerawa guda ɗaya ne zai jera shi, bai damu ko buhu ne ko Alhaji ba.

Na ce ta goge Daidai ɗin nan, a gidanmu babu mutum biyu da suke daidai, ko tagwaye akwai wanda ya fara leƙowa. Ta ce a bar shi ko don buhuna.

Daga nan wahalar ta fara. Kwana huɗu tana zuwa shago bayan ta tashi daga makaranta, tana yi mini tambaya kamar alƙali. Wane da wane, wa ke gaba? In ce ya danganta. Ta ce babu ya danganta. In ce to idan a wurin suna ne haka, idan a wurin jana'iza ne kuma haka. Ta ce, "Baba, yaren nan kamar injinka yake. In ka zuba dawa, garin dawa zai fito, yau da gobe da jibi. Ba ya duba fuskar mai niƙa, ba ya tashi da fushi. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya har abada."

Na ji daɗin wannan maganar, ba zan ɓoye ba. A rayuwata ban taɓa samun ɗan uwa mai irin wannan hali ba.

Haka muka fitar da dokoki. Uban matar mutum yana gaba da shi. Ƙanin uba yana gaba da ɗan wansa ko da kuwa jiya aka haife shi. Yayan matar mutum yana gaba da shi. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, sai a bi shekaru. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san dokokin nan gaskiya ne, ba ni na ƙirƙiro su ba. Ta rubuta, kwamfuta ta yi ta ƙorafi da jan rubutu, wai an manta wani ɗigo, wai an ba ta suna a inda take jiran lamba. Ta gyara, ta gyara, har a rana ta huɗu kwamfuta ta yi shiru. Ta ce shirun nan shi ne ta yarda.

Amma kafin ta danna sai ta tsaya. Ta ce, "Baba, akwai doka ɗaya da kwamfuta ba ta dubawa, amana ce ta bar wa mai rubutu. Idan na ɗaya yana gaba da na biyu, na biyu yana gaba da na uku, to dole na ɗaya ya kasance gaba da na uku. Ka tabbata haka abin yake a danginmu?"

A daidai lokacin wata mata ta kawo gero, na riga na tayar da inji. Na yi wa Mamana ihu cikin ƙara, "Ke, gidanmu ne ko gidanku? Wannan ma tambaya ce? Danna!"

Ta danna. Sunaye talatin da ɗaya suka jeru tsaf, Bappa a sama. Na dafa ƙirji. Na gwada Hamma an yi faɗa, na gwada Malam an yi faɗa, ashe wanda ban gwada ba shi ne gaskiyar. Na ce lallai Haske haske ne. Da a ce na kashe injin nan minti biyu na saurari yarinyar, da ban ji kunyar da na ji ba. Amma ni mutum ne da ba ya kashe inji saboda magana.

Kuma ban tsaya nan ba. Na aika wa kowa cewa bana ba ni zan yi hukunci ba, kwamfuta ce, wadda ba ta da suruki ba ta da ɗan ɗaki. Labari ya bazu. Ranar taro har maƙwabta da ba a gayyata ba suka zo suka tsaya a bakin zana don su ga yadda inji zai raba tozo.

Na ɗauko 'yata a bayan babur tun da hantsi, laftof a cikin zani kamar jariri. Aka yanka sa, aka dafa, wajen azahar ƙamshi ya cika gida. Maza suka zauna a kan tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya, mata suna ta cikin gida a bayan zana, inda suke jin komai. Aka kifa turmi aka ɗora laftof a kai. Na miƙe na gyara murya na ce, "Jama'a, ga abin da kwamfuta ta ce. Na farko, Bappa."

Bappa ya fara murmushi, ya dubi Hamma ya ce, "Ka ji ko, ɗana?" Bai rufe baki ba sai muryar matarsa ta fito daga bayan zana.

"A gaban babana? Mijina zai ci tozo babana yana zaune yana kallo? Wallahi in ya ci, sai dai ya nemi mai dafa masa tuwo!"

Murmushin Bappa ya tsaya a rabin hanya. Malam ya jawo takalmansa kusa da shi ya fara kaɗe musu ƙura a hankali. Duk wanda ya san Malam ya san ma'anar wannan.

Hamma ya ce, "Dakata. Mai inji, wannan a gida kuka dafa shi kuka kawo mana. In gaskiya ne, a goge, a sake rubuta sunayen a gabanmu. Ke 'yar nan, fara daga wancan gefen tabarmar, ki bi mu yadda muke zaune."

Na ce a yi mana, ai tambaya ɗaya amsa ɗaya. Har da buga ƙirji. 'Yata ta dube ni wani iri, amma ta zauna ta rubuta, daga dama zuwa hagu. Ta danna. Na leƙa. Na goge idona na sake leƙawa.

"Karanta mana," in ji Hamma.

Na ce, "Na farko, Malam."

Malam ya ajiye takalmin. Ya ce, "Allahu akbar. Ashe abin nan yana da tarbiyya." Matar Bappa ta rangaɗa guɗa daga bayan zana. Bappa ya ce a'a, ai ta riga ta faɗi gaskiya da farko, yanzu tsoro ta ji. Hamma kuwa ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Wato in an fara daga dama Malam ne. To a fara daga hagu in gani."

Ta sake rubutawa. Ta danna. Wallahi ban so in duba ba. Hamma ne a sama.

Wurin ya kaure. Hamma ya ce yanzu ne ta warware, farko ba ta yi zafi ba, kowa ya san inji sai ya yi zafi. Bappa ya ce magana ta farko ita ce magana. Malam ya ce shi dai a saninsa tsakiya ita ce adalci. Wani ɗan baffanmu mai sayar da taya ya ce a sake dannawa ko shi ma Allah zai sa ya fito. Maƙwabta a bakin zana suna dariya har da riƙe ciki. Wani tsoho cikinsu ya ce ai kwamfutar 'yar siyasa ce, kowa ta gani sai ta ce shi ne nata.

Na sunkuya kusa da 'yata na ce, "Mamana, kin kashe ni. Ba ke kika ce ba ya canza magana ba?"

Ta ce, cikin raɗa, a kunnena mai ji, "Bai canza ba, Baba. Duba nan. Bappa yana gaba da Hamma, ƙanin uba ne. Hamma yana gaba da Malam, yayan matarsa ne. Malam yana gaba da Bappa, uban matarsa ne. Zagaye suke yi. Duk amsar da ya bayar daidai ce da dokarka, ya danganta da wanda ya fara cin karo da shi. Abin da na tambaye ka ke nan a shago."

"To me ya sa bai faɗa ba?"

"Injinka yana faɗa maka in akwai tsakuwa a cikin gero? Niƙawa kawai yake yi."

Shekarata ashirin ina yi wa mata faɗa su tsince tsakuwa kafin su kawo niƙa, yau ga ni na zuba tsakuwa da hannuna a gaban dangi.

Na ɗago na ga Hamma ya fara naɗe tabarmarsa. Ya ce, "Na faɗa bara. Kowa ya ɗauki kwanonsa yadda ya ga dama. Daga yau an gama." Nama yana hucewa, yara sun yi tsit. Na tuna mahaifinmu tsaye a daidai wurin da nake tsaye.

Sai na ji an jefe ni da ɓawon gyaɗa a ƙeya. Na juya. Goggo ce, yayar mahaifinmu, tsohuwar da ta fi kowa tsufa a gidan, wadda ita ke zuba nama a kwanoni tun kafin a haife ni. Ta yafito ni da hannu. Na bi ta bayan rumbu.

Ta ce, "Kai kurma. Shekara nawa kana riƙe wa ubanka buta?"

Na ce da yawa.

"Ka taɓa jin ya yi tarin nan a gona? A masallaci? A kasuwa?"

Na yi ta tunani. Ban taɓa ji ba.

"Tari sau ɗaya a shekara, ranar yanka sa, daidai lokacin kiran sunan farko. Kai ba ka taɓa tambayar kanka wane irin ciwo ne mai kalanda ba?"

Ta ce mahaifinmu ya gane tun ranar da Bappa ya auri 'yar Malam cewa mutum ukun nan ba sa jeruwa. Sai suka shirya da ita. Ita ta raba tozo uku ta sa a kwano uku. Shi kuma ya miƙe ya ce "Na farko," sai tari ya sarƙe shi. Kafin ya sha ruwa ya farfaɗo, an ajiye kwanoni uku a lokaci ɗaya, sai ya ci gaba daga na huɗu. Kowannensu ya ja kwanonsa gefe, ya buɗe, ya ga tozo, ya tabbata sunansa ne tarin ya haɗiye. Kuma kunya ba za ta bari ya yi wa sauran gori ba.

Na ce, "Ba su lura tozon ya ƙanƙance ba?"

Ta ce, "Kitse ne. Kowa ya san yana narkewa a wuta."

Na ce, "Goggo, shekara biyu kina kallona ina shan wahala, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Ka shigo kana ihu, a zuba tozo duka a kwano ɗaya, ni ne mai kira yanzu. Na ce to, bari mu ga inda ihu zai kai shi. Ya kai ka wurin talabijin mai maɓalli." Ta tura ni da sandarta. "Na riga na raba tozon uku tun ɗazu, don na san abin nan naka ba zai yi ba. Je ka yi tari."

Na dawo wurin taro. Don in sami ƙarfin hali na ɓare goro na jefa a baki. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, a yi haƙuri, a zauna. Kwamfuta ta gaji, batirinta ya yi sanyi. Ni zan kira da bakina, sau ɗaya, in na yi kuskure Hamma ya naɗe tabarmar." Hamma ya tsaya da tabarma a hannu. Kowa ya zuba mini ido.

Na ce, "Na farko..." sai na yi wani ɗan tari, ƙyaf ƙyaf, irin na akuya. Ko ni ban yarda da shi ba. Bappa ya ce, "Muna jinka." Na ja numfashi da ƙarfi don in sake gwadawa, sai gutsuren goron nan ya bi iska ya wuce inda bai kamata ba.

Jama'a, ban taɓa yin tari irin na ranar ba. Idona ya firfito, hawaye ya zubo, na durƙusa ina dukan ƙasa. Hamma ya yar da tabarma ya zo yana dukan bayana kamar yana sussukar dawa. Bappa ya kawo buta yana ɗura mini ruwa har ta hanci. Malam ya dafa kaina yana tofa mini addu'a. 'Yata tana kuka tana cewa a kawo babur. Na ga mutuwa da idona saboda kitsen sa. Da goron ya fito ya faɗi a kan tabarma, na ɗago kai ina haki, sai na ga kwanoni uku a ajiye, kowanne a wurin zaman mai shi. Goggo tana tsaye a bakin zana tana sakace haƙorin da ba ta da shi.

Da 'yar muryar da ta rage mini na kira na huɗu. Na bi sauran har ƙasa, kuma a nan jerin kwamfutar na bi, don daga na huɗu zuwa na talatin da ɗaya babu kuskure ko ɗaya, duk sau ukun iri ɗaya ta fitar.

Ina kallon manyan ta wutsiyar ido. Hamma ya ɗan ɗaga murfi da yatsa, ya leƙa, ya rufe da sauri. Fuskarsa ta saki. Ya gyara zama ya ce, "Ni fa dama ba don nama nake magana ba. Bappa, ai kai ubanmu ne, a yi haƙuri da yara." Bappa, wanda shi ma ya riga ya leƙa nasa, ya ce, "Haba ɗana, gidanka ne, wa zai yi jayayya da kai? Ga kuma Malam, hasken gidan nan." Malam ya rungume kwanonsa a ƙirji ya ce duniya duka nawa take. Kowannensu yana lallashin sauran biyun, yana tausayinsu. Ban taɓa ganin mutum uku sun ci nasara a faɗa ɗaya ba sai ranar.

Yau shekaru sun wuce, taron yana nan, bara ma mun yi. Ban ambaci sunan kowa ba a nan, kuma Hamma da Bappa ba masu karanta boko ba ne, wanda ya kai musu labari shi da Allah. Malam ya rasu. Amma shekara guda kafin rasuwarsa, bayan na gama tarina na shekara, ya kama hannuna ya ce a hankali, "Ka fara iyawa. Na marigayi dai ya fi zurfi." Har yau ban san ko shi kaɗai ya sani ba, ko su ukun duka sun sani tun farko, suna dai so a yi musu tarin ne.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Dokokina ba ƙarya ba ne, kowace ɗaya gaskiya ce in ka ɗauki mutum biyu. Kwamfuta ma ba ta yi ƙarya ba, abin da na zuba ta niƙa. Kuskurena shi ne na ɗauka duk abin da ke duniya yana shiga layi. Akwai mutanen da in ka ce sai ka san wanda ya fi, za ka rasa su duka. Kuma kafin ka kai matsalar gidanku wurin inji, ka fara zagayawa bayan rumbu ka tambayi tsohuwar da ke zuba nama.

Washegarin ranar da na kai kwamfutar nan, ban buɗe shago da wuri ba. Maƙogwarona yana ciwo, bayana duk shatin hannun Hamma. Na sami 'yata a tsakar gida ta tasa laftof a gaba, ido ya kumbura, ta ce aikinta ya lalace, ba ta san abin da za ta kai wa lakcara ba. Ta ce ko ta sa su ukun a Daidai. Na ce kul, in suka ji an ce daidai suke, sai an yi sabon faɗa. Na ce ba ke kika kafa ƙungiyar da hannunki ba? Wa ya ce dole amsa ta zama uku? Ƙara ta huɗu, ta mutanen da ba a gwadawa, in an zo kansu a ajiye su a layi ɗaya a wuce. Ta kalle ni, sannan ta fara rubutu da sauri. Daga baya ta ce lakcaran ya ce ai akwai irin wannan a littattafansu, har da dogon suna. Ni ban san wannan ba. Ta tambaye ni me za a kira amsar. Na ce rubuta: Gaba, Baya, Daidai, Tari.

Ta rubuta, kwamfuta ta yi shiru, ta yarda. Ni kuma na ɗauki buta na zagaya bayan gida inda babu mai jina, na tsaya na fuskanci katanga, na ce "Na farko," na fara koyo. Ba tare da goro ba.